A Jikin Me Za Mu Ɗaure?

Ofishin tsaro na wannan jami'a tamu ya sake manna takardarsa a allunan sanarwa, kamar yadda ya saba duk sa'ad da kukan satar kekuna ya yi yawa. Abin da ke cikinta bai wuce magana biyu ba: kowane ɗalibi ya riƙa kulle kekensa, kuma duk wanda ya ajiye abin hawa a harabar makaranta, in ya ɓace, shi ya jiyo, hukuma babu ruwanta. Mun karanta, mun kuwa gode da nasiha. Amma da yake iyayenmu sun turo mu nan ne domin mu koyi yin tambaya, muna da guda ɗaya wadda muke roƙon a amsa mana ba tare da kwana-kwana ba. A jikin me za mu ɗaure?

Kowa ya tashi ya zaga da ƙafarsa ya gani. Gaban laburare, da bakin manyan ɗakunan lacca, da ƙofar masallaci da ta coci, da farfajiyar ɗakunan kwana, babu inda aka kafa ko da turke ɗaya domin keke. Akuya ma in an kai ta kasuwa akan sama mata turke. Saboda haka ɗalibi sai ya yi ta rarraba ido yana neman abin da zai raɓa kekensa: wannan ya kama bututun ruwa, wancan ya kama ƙarfen taga, wani ya ɗaure a jikin ɗan dashen darbejiya wanda kaurinsa bai wuce na tsintsiyar hannu ba. Kafin ya juya, ga mai gadi ya iso yana cewa an hana, wai ana ɓata kyan gini. An hana mu ɗaurewa a jikin abin da ke akwai, ba a kuma kafa mana abin da babu ba, sa'an nan a dawo a ce sakacinmu ne. Wannan shi ne a doke ka a hana ka kuka.

Wanda bai taɓa mallakar keke ba, ko wanda ya manta tun ranar da Allah ya hore masa mota, zai zaci kullewa ita ce ƙarshen magana. Bari mu yi masa bayani. Makullin nan da ke zuwa manne a ƙafar baya ta kekuna irin su Phoenix, aikinsa ɗaya ne tak, ya hana ƙafar juyawa. Bai hana a ɗaga keken ba. Haka nan sarƙar da aka zagaya tsakanin ƙafa da gangar jikin keke ba tare da an haɗa da wani kafaffen abu ba. Keke kuwa, ko mafi nauyi a cikinsu, da wuya ya kai rabin buhun siminti. Ɓarawo ba ya bukatar zarto ko guduma. Sai ya ɗan ɗaga ƙafar baya, ya tura shi a kan ta gaba, ya yi fuskar wanda mabuɗinsa ya ɓata yana neman mai gyara. Jama'a na kallo, wani ma har ya yi masa sannu. In ya kai bayan gini ko cikin ciyawa, ya karya makullin a natse. Keken da aka kulle a jikin kansa, ƙunshi ne aka yi wa ɓarawo domin ya ji daɗin ɗauka.

Mun san akwai masu taɓe baki su ce ai keke ne kawai. Masu faɗin haka ba su san inda da yawa daga cikinmu ke kwana ba. Ɗakunan kwanan makaranta sun yi mana kaɗan tun ba yau ba, ɗimbin ɗalibai suna haya ne a unguwanni da ƙauyukan da ke kewaye. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a garuruwan Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Kuɗin acaɓa da na a-daidaita-sahu suka bi baya. Ɗalibin da ya yi sa'ar samun naira 20,000 a wata, kuɗin guzurin nan da asusun ba ɗalibai rance na Gwamnatin Tarayya ya soma bayarwa a 2024, a cikinsu zai ci, ya yi hoton takardu, ya sayi sabulu. In ya ce zai hau babur safe da yamma, kafin tsakiyar wata ya koma ga garin kwaki, kwakin ma babu suga. Keke shi ne ya rage masa. Sau da yawa kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Wani na mahaifinsa ne, wanda ya haƙura yake zuwa gona a ƙasa. Wani uwa ce ta sayar da tunkiyarta ta saya. Wani kuwa mutum uku ne suke karɓa-karɓa da shi a ɗaki guda. Ranar da aka ɗauke shi an ɗauke laccar ƙarfe 8 na safe, an ɗauke karatun dare a laburare, wani lokaci ma har jarrabawa, domin malami ba ya jiran wanda ya taho a ƙafa daga bayan gari.

Mutanen Italiya sun fahimci nauyin wannan al'amari tun 1948, lokacin da Vittorio De Sica ya yi fim ɗinsa mai suna Ladri di biciclette, wato ɓarayin kekuna. Wani talaka ne a birnin Rum ya samu aikin manna takardun talla da sharaɗin yana da keke, aka sace keken a ranar farko, ya yi ta bilinbituwa shi da ƙaramin ɗansa, daga ƙarshe shi ma ya kai hannu ga na wani. Muna roƙon masu cewa keke ne kawai su nemi fim ɗin su kalla.

Yanzu mu dubi inda hankalin hukuma yake. A gaban ginin manyan jami'ai akwai rumfar kwano mai turakun ƙarfe, an shafe ƙasanta da siminti, an ja layi da farin fenti, an rubuta muƙamin mai kowane gurbi. Akwai mai gadi da kujerarsa. Duk motar da ta shigo babbar ƙofa akan miƙa wa direbanta kati, ba kuwa za ta fita ba sai ya mayar. Ba mu yi hassada ba. Mota dukiya ce, ta cancanci tsaro. Abin da muke cewa shi ne, hukumar da ta san a kafa rumfa, a ba da kati, a ajiye mai gadi, ba za ta ce ba ta san yadda ake tsare abin hawa ba. Ta sani sarai. Ta dai zaɓi wanda za ta tsare ne. Malaman fiƙihu, da suka zo maganar sata, sun bambanta tsakanin kayan da aka ɗauke daga hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba adana irinsu, da kayan da aka bari a sarari, har malaman Malikiyya suka ƙidaya matsayar da aka saba ɗaure dabba a cikin hirzi. A wannan makaranta mota tana da hirzi. Keke ba shi da ko matsayin jaki.

Kada a ce mun wanke ɗalibi tas. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai jingine keke a bakin shago ya ce yanzu zai fito, ya shiga ya tarar da hira. Akwai mai sayen siririyar wayar nan mai rufin roba, mai kyan launi, wadda almakashin yanka rodi ke datsewa kafin a ƙifta ido, yana ganin ya yi tsaro. Saboda haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, ga abin da duk wanda ya daɗe da keke ya sani. Gangar jikin keke ake ɗaurewa, a haɗa da ƙafar baya, a jikin abin da ba ya tuguwa, ba ya yankuwa, ba a kuma iya ɗaga keken a zare ta samansa. Wanda ya ɗaure ƙafar gaba kaɗai, sifana ɗaya ta isa a kwance ta, ya dawo ya tarar da ƙafa tana jiransa, keke ya yi gaba. Sarƙa ta kasance mai kauri, ta ƙarfen da aka tsima, kwaɗon kuma mai gajeren wuya, domin dogon wuya shi ke ba almakashi wurin kamawa. Kada a bar kwaɗo kwance a ƙasa, don ƙasa ita ce maƙerar ɓarawo; a kanta yake ɗora shi ya sa guduma. Mai makulli irin mai siffar harafin U ya cika cikinsa da turke da gangar jiki da ƙafa, kada ya bar sararin da za a zura ƙarfe ko jak a banƙare. Wanda yake da hali ya haɗa makulli iri biyu, domin kowane iri da kayan aikin da ke karya shi, ɓarawo kuwa ba ya son yawo da kaya masu yawa. A ajiye inda mutane ke kai-komo, inda fitila ke kai wa da dare, ko da ya fi nisa da ƙofar aji.

Duk da haka kada wani ya ruɗe mu da cewa akwai makullin da ya gagara. Kamfanin Kryptonite na Amurka yana cikin mafi shahara a duniya wajen ƙera makullan keke, amma a 2004 aka gano cewa ana buɗe wasu makullansa masu zagayayyen mabuɗi da bututun biro na Bic, dole kamfanin ya riƙa musanya wa mutane kyauta. Ga kuma injin yanka ƙarfe mai batir da ya yawaita, wanda ba ya jin kunyar kowace sarƙa. Abin da makulli ke saya wa mai keke shi ne lokaci, minti biyu ko uku na ƙara da tartsatsi, waɗanda ɓarawo ba ya son yi a gaban jama'a. Lokacin nan kuma ba shi da amfani sai in akwai turken da ya riƙe keken a wurin, akwai haske, akwai idon da ke kallo. Makulli na ɗalibi ne, mun yarda. Turke da fitila da mai gadi na wane ne?

Game da takardun da ake manna mana, akwai wani bincike da ya kamata ofishin tsaro ya sani. A Jami'ar Newcastle da ke Ingila, masu bincike sun kafa alluna ɗauke da hoton idanu biyu da gargaɗi ga ɓarayi a wurare 3 da satar kekuna ta fi yawa. Sakamakon da suka buga a 2012 ya nuna cewa cikin shekara guda sata ta ragu da kashi 62 cikin ɗari a waɗannan wurare. Madalla. Amma a sauran wuraren jami'ar da ba a kafa allon ba, ta ƙaru da kashi 65 cikin ɗari. Wato ɓarayin ba tuba suka yi ba, matsawa suka yi. Idan allon da ke yi wa ɓarawo barazana iyakarsa ke nan, ina ga takardar da ke yi wa mai kaya faɗa? Akwai kuma darasi na biyu a ciki, wanda ya shafe mu kai tsaye: in aka gyara gaban laburare aka bar ɗakunan kwana, an kora ɓarawo ne zuwa inda muke barci. Gyaran ya game makaranta duka.

Abin da muke nema ba sabon abu ba ne, ba kuma sai an yi odarsa daga waje ba. A Ingila akwai wani turken keke da ake kira da sunan birnin Sheffield. Bututun ƙarfe ne mai kauri kamar santimita 5, an lanƙwasa shi kamar ƙofa, tsayinsa daga ƙasa wajen santimita 75, an binne ƙafafunsa biyu cikin kankare. Keke biyu ke jingina da kowane ɗaya, wannan ta dama, wancan ta hagu, kuma sarƙa tana samun gangar jiki da ƙafa gaba ɗaya. Akan bar tazarar mita guda tsakanin turke da turke. Gurbin mota ɗaya yana ɗaukar keke 8 zuwa 10. Babu mai walda a bakin kasuwa da zai ga hotonsa ya kasa yinsa. Muna da tsangayar injiniya, da ɗakin walda, da ɗalibai masu neman aikin gwaji da za a ba su maki a kai. Sai dai muna gargaɗi tun da wuri, kada wani ɗan kwangila ya kawo mana irin ragar nan mai tsaga-tsaga wadda ake cusa ƙafar gaba a ciki. Tana lanƙwasa ƙafa, ba ta kuma barin sarƙa ta kai ga gangar jiki. In za a ce mana babu kuɗi, to a fito da lissafin abin da aka kashe a rumfar motoci da fentin babbar ƙofa na bikin yaye ɗalibai, mu gwada mu gani.

Sai maganar lamba, wadda ita ce ta fi sauƙi, ita ce kuma aka fi yin watsi da ita. Kusan kowane keke yana da lambar da masana'anta ta buga a jikin ƙarfensa, ko a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ko a gindin sirdi, ko kusa da inda ƙafar baya ta shiga. A tsayar da masu keke goma a bakin ƙofa a tambaye su lambarsu, a ga nawa za su amsa. Shi ya sa ko an kama keke a hannun wani, sai a koma gardama: nawa ne, yana da tabo a kariya, a'a, nawa ne, na canza masa ƙararrawa. Fenti kuwa na dare ɗaya ne. A Japan, tun 1994 doka ta wajabta wa mai keke ya yi masa rajistar hana sata, ɗan sanda yana iya tsayar da mutum ya duba lambar ya san mai shi nan take. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun biya lasin keke tun zamanin En'e, kuma Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ba da lasin kekuna cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ba haraji muke kira a ɗora mana ba, wanda ke kanmu ya ishe mu. Littafi guda muke nema, ko shafi guda a kwamfuta, mai ɗauke da sunan ɗalibi, da lambarsa ta makaranta, da lambar kekensa, da hotonsa, sa'an nan a ba shi kati. Mai fita da keke ta ƙofa ya nuna kati, kamar yadda mai mota ke yi. Za a ce layi zai yi tsawo da yamma. Mun sha layin rajista, mun sha na ruwa, mun sha na karɓar katin jarrabawa. Wannan shi ne layi na farko da za mu bi da farin ciki. Amma a toshe ɓarakar katangar baya tukuna, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɓarawo kuma ba ya bin ƙofar da ake tambaya alhali ga wadda ba a tambaya.

Akwai wata magana mai ɗaci wadda ba ta shafi hukuma ba. Ɓarawo ba ya satar keke goma don ya hau su. Sayarwa yake yi, sau da yawa kuma mai sayen yana zaune tare da mu a aji. Wanda aka kawo wa keke mai lafiya da tsakar dare a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa, babu rasit, babu shaida, lambar jikinsa an goge ta da zarto, ya san abin da yake saya. Hausawa sun riga sun raɗa masa suna, ɓarawon zaune, ko da kuwa yana sanye da farar riga a ɗakin gwaje-gwaje. Doka ma ta fi tsananta masa. Kundin Penal Code da Jihar Arewa ta soma aiki da shi a 1960 ya tanadar wa ɓarawo ɗaurin da zai iya kai shekara 5 a sashe na 287, amma mai karɓar kayan sata da saninsa, sashe na 317 ya tanadar masa har shekara 14. Masu tsara dokar sun san cewa in babu mai saye, sata ba sana'a ba ce. Masu gyaran keke da ke bakin ƙofa, waɗanda yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halal, su ma a kai musu kwafin lambobin kekunan da suka ɓace, a gaya musu duk wanda ya kawo ƙafa ko sirdi ko kariya a warware yana neman kuɗi da gaggawa, su tambaye shi ina sauran.

Muna kuma jin abin da ake faɗi a ɗakunan kwana, cewa duk ranar da aka kama ɓarawon keke, sai dai uwarsa ta haifi wani. Wannan magana ba za ta samu goyon bayanmu ba. A watan Oktoba na 2012, a garin Aluu, taron jama'a sun kashe ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal bisa zargin sata, suka cinna musu wuta. A 2017 kotu ta yanke wa mutum 3 hukuncin kisa a kan wannan aika-aika. Waɗanda aka kashe ɗalibai ne irinmu, ihu ɗaya ya isa. A makarantar da babu rajista, wanda ya ari keken abokinsa, ko wanda mabuɗinsa ya ɓata da gaske yana ƙoƙarin karya nasa kwaɗon, ba shi da abin da zai nuna wa taron da ya kewaye shi. Littafin da muke nema zai tsare mai keke, zai kuma tsare wanda aka zarga.

Ku kuma yayyenmu da kuka gama kuka kama aikin gwamnati, mun san wasunku sun jingine babur sun koma keke tun da mai ya yi tsada, mun kuma san sakatariyoyinku ba su fi harabarmu turaku ba. Wata rana takardar ginin makaranta ko ta asibiti za ta biyo ta teburinku. In kun ga an zana wa motoci gurbi, ku tambayi mai zanen ina na kekuna.

Saura shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai. Kun karɓi kuɗin ƙungiya daga hannun kowa, mai keke da mai tafiya a ƙasa. An buga kalanda mai hotunanku, an yi makon al'adu, an yi liyafar ban kwana. Littafin rajista ba ya bukatar amincewar majalisar dattawan jami'a. Teburi ɗaya a ofishin ƙungiya da mutum biyu sun isa a fara shi a wannan mako. Turaku goma na farko ma ba su fi ƙarfin asusunku ba, in kun kafa su a gaban laburare kunya za ta sa hukuma ta ƙarasa sauran. Muna so a sa wannan magana a jerin abubuwan tattaunawa na babban taron ɗalibai mai zuwa, a kuma rubuta wa magatakardan jami'a takarda mai ɗauke da wa'adi. In wa'adin ya cika ba a kafa ko turke ɗaya ba, to mun riga mun duba, mun gano cewa a duk faɗin makarantar nan wuri ɗaya ne ke da ƙarfe kafaffe cikin siminti, da inuwa, da fitila, da mai gadi. Ranar Litinin da ta biyo baya, tun kafin ƙarfe 7 na safe, can za mu kai kekunanmu, mu ɗaure su biyu-biyu a jikin turakun rumfar motocin manyan jami'ai, mu tafi lacca da mabuɗanmu a aljihu.